Motar hannu matsakaiciya: inda ciwonta ya fi ɓuya

Tambaya: Na sayi motar hannu matsakaiciya mai ƙofa huɗu, injin fetur mai silinda huɗu, giya otomatik. Ta yi tafiyar kilomita 170,000. Fitilar inji tana kunnawa tana mutuwa, wata rana da safe sai ta yi nauyin tashi, kuma in na tsaya a danja sai ta riƙa kakkarwa. Waɗanne matsaloli aka fi samu a irin waɗannan motoci ta fannin inji da lantarki, kuma ta ina zan fara?

Amsa: Malam, Allah ya sa albarka a abin hawa, ya kiyaye hanya. Na daɗe a sana'ar gyaran mota, kuma ajin motarka, wato su Camry da Accord da Altima da Sonata da Passat da Mazda 6, shi ya fi wucewa ta hannuna. Kilomita 170,000 ba tsufa ba ne ga injin da ya samu kulawa. Damuwar ita ce ba ka san irin riƙon da aka yi mata kafin ta zo hannunka ba. Don haka abu ɗaya zan nace maka a kai: a auna kafin a kwance, a gano ciwon kafin a sayi kaya. Mafi yawan asarar da na ga masu motar hannu suna yi, a canjin kayan da lafiyarsu ƙalau take tafiya, don an yi aiki da zato.

Zan fara da wuta, domin alamomin da ka lissafa za su iya haɗuwa a can.

Motar zamani cike take da ƙananan kwamfutoci: ta inji, ta giya, ta birki, ta sitiyari, ta jakar iska. Dukkansu daga batir ɗaya suke sha. In wutar ta yi ƙasa, kowacce sai ta fara ƙorafi da harshenta, fitilu su cika dashbod, giya ta riƙa buguwa, mai mota ya ɗauka motar ta gama yawo. Saboda haka ka nemi mitar awon wuta, ba ta da wuyar aiki. Da safe kafin a tayar da mota, batir mai lafiya da ya cika yana nuna volt 12.6 ko kusa da haka. In ka ga 12.2, rabinsa ya tafi. In ya sauko 12.0, ya kusa zama fanko. Sai wani ya murɗa makulli kai kuma idonka na kan mita: yayin da sitata ke juya inji, bai kamata wutar ta faɗo ƙasa da 9.6 ba. In inji ya tashi, altaneta mai lafiya, wato na'urar da ke caja batir, takan ɗaga ta zuwa tsakanin 13.5 da 14.7. Wasu sababbin motoci suna rage caji da gangan don tattalin mai, don haka in ka ga lambar tana hawa da sauka, kunna fitilu da fanka ka sake dubawa kafin ka yanke wa altaneta hukunci. Batir kan yi shekara 3 zuwa 5, kuma zafi ya fi sanyi gajarta masa kwana.

Akwai wani gwaji da ya yaɗu wanda nake roƙonka kada ka bari a yi wa motarka: cire kan batir inji na aiki, wai don a ga ko altaneta na caji. A tsofaffin motocin kafireto an sha yin haka an tsira. A motar da ke da ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta, batir ne ke shanye tsallen wutar da altaneta ke yi, da zarar an cire shi tsallen sai ya wuce kai tsaye cikin kwamfutoci. Na ga ƙwaƙwalwar inji ta ƙone ta wannan hanya, garin neman gira aka rasa ido.

Daga batir sai wayar at, wato kakkaurar wayar da ta haɗa negetif ɗin batir da jikin mota da kuma inji. Ita ce aka fi mantawa da ita. An taɓa kawo mini mota an canza mata batir, an canza sitata har sau biyu, amma da safe sai ta yi ta gurnani kafin ta tashi. Da na ɗaga mazaunin batir, sai ga wayar at ta yi kore, rabin zarenta ya tsinke daga ciki. Ido ba ya ganin irin wannan sai an bi da mita: ka ɗora tsinke ɗaya a kan negetif ɗin batir, ɗaya a ƙarfen inji, a murɗa makulli. In mita ta nuna kusan rabin volt ko fiye, wuta tana maƙalewa a hanya. Haka za a gwada ɓangaren fozitif. Farin gari ko kore a kan batir ma kaɗai ya isa ya hana mota tashi.

In kuma batir lafiya lau yake da yamma, da safe ya wayi gari a mace, to wani abu na shan wuta cikin dare. Ana kashe komai, a rufe ƙofofi, a jira kamar minti 30 zuwa 45 kwamfutoci su yi barci, sannan a auna abin da ke fita. A yawancin motoci bai kamata ya wuce miliamfiya 50 ba. In ya wuce, sai a bi fiyus ɗaya bayan ɗaya har a kama layin. A motar hannu, ɓarawon yakan zama abin da wani ya ƙara daga baya: rediyo, na'urar bin sawu, ƙararrawar ɓarayi, ko fitilun ado da aka yanki waya aka ɗaura da salatif. Wani lokaci fitilar but ce ba ta mutuwa, wani lokaci kuma diyod ɗin altaneta ne ya lalace yana mayar da wuta baya. Tunda maganar fiyus ta zo, fiyus da ya ƙone saƙo ne cewa akwai waya da ke taɓa ƙarfe ko na'urar da ke jan wuta fiye da ƙima. Wanda ya naɗa masa zaren waya ko ya sa mai lamba mafi girma ya mayar da wayoyin motar su ne fiyus, kuma haka motoci ke kamawa da wuta.

Sitata, wanda wasu ke ce wa kik, ba kasafai yake mutuwa gaba ɗaya ba. In ka murɗa ka ji ƙas sau ɗaya shiru, a karo na uku ko na huɗu ya ɗauka, galibi 'yan guntayen tagullar da ke cikin solonoyid ne suka cinye, kuma ana canza su kaɗai. In ka ji ƙas-ƙas-ƙas da sauri, wuta ce ta yi ƙaranci. In babu motsi ko kaɗan a P, gwada a N. In ta tashi a nan, makunnin da ke gaya wa mota matsayin giya ne. In kuma inji na juyawa da kyau amma ya ƙi kamawa, ga wata fitila mai hoton makulli tana ƙyaftawa, motar ce ba ta gane makullin ba.

Yanzu ga fitilar inji. Karen bana shi ke maganin zomon bana: wannan fitila ba a gano dalilinta da kunne ko da ido, sai an jona na'urar gwaji. Tun 1996 doka ta tilasta wa motocin da ake sayarwa a Amurka tsarin OBD-II, Turai kuma ta bi da motocin fetur a 2001. Soket ne mai rami 16, yawanci a ƙasan sitiyari. Sai dai lambar da na'ura ta bayar tana nuna unguwar da ciwon yake ne kawai, ba ta nuna gidan. Ɗauki P0171, wadda ke nufin iska ta fi mai yawa a abin da inji ke ƙonawa. Mutane da yawa da sun gan ta sai su ruga sayen sensar iskar salansa, alhali ita sensar gaskiya ta faɗa. Laifin yakan kasance a tsagaggiyar robar da ke kai iska inji, ko dattin da ya rufe sensar awon iska da ke bayan filta, ko famfon mai da ya gaji, ko nozul da suka toshe. P0420 kuma tana cewa katalis, wato matatar da ke kan hanyar salansa, ba ya tace hayaƙi yadda ya kamata, amma kafin a taɓa shi sai an tambayi abin da ya kashe shi, domin katalis ba ya mutuwa haka kawai. Ɗanyen fetur ko baƙin mai ko ruwan lagireto da ke bi ta salansa ne ke halaka shi, in ba a toshe wannan ba sabon ma bin sahu zai yi.

Kakkarwar da kake ji a danja ta fi kama da ɗayan abu biyu. Na farko misin, wato wata silinda ba ta ƙona mai daidai. Lambobinsa P0300 in ya warwatsu, ko P0301 zuwa P0304, inda lambar ƙarshe ke nuna silindar. Gwajinsa ba ya cin ko kwabo: in na'ura ta ce silinda ta 2, a ɗauke koyil ɗinta, wato abin da ke ba fulogi wuta, a musanya da na ta 3, a goge lambar, a zaga. In ciwon ya koma ta 3, koyil ne. In ya tsaya a ta 2, sai a duba fulogi, sannan nozul, sannan matsin silindar. Yayin da aka zare koyil a leƙa ramin fulogi. In akwai baƙin mai a ciki, gasket ɗin murfin inji ne ke yoyo, kuma shi ke cinye koyil ɗaya bayan ɗaya. Na biyu kujerar inji, wato robobin da inji ke zaune a kansu. A wannan yawan tafiya sukan tsage, mai ruwa a ciki kuma ta tsiyaye. In kana tsaye a D ƙafarka a birki sitiyari na rawa, da ka mayar N sai ta lafa, allurar juyin inji kuma ba ta motsa ba, ka fi zargin kujera. In allurar ce ke hawa da sauka a silo, a wanke maƙogwaron iska, a nemi inda iska ke satar shiga.

Ka riƙe bambancin nan da kyau: fitilar inji da ta tsaya cak tana ba ka lokaci ka kai gareji. Wadda ke ƙyaftawa tana cewa misin ya yi tsanani, ɗanyen fetur na zuba cikin katalis yana dafa shi. A nan sai ka sassauta ƙafa ka nemi wurin tsayawa.

Abin da ya fi kashe injin irin motarka kuwa zafi ne, kuma a nan zan ɗan daɗe. Kan inji na alminiyam ne, a yawancinsu har da gangar jikin. Alminiyam ba ya yafiya: hawan allura zuwa ja sau ɗaya tak, in aka ci gaba da tafiya, ya isa ya lanƙwasa kan ya ƙona gasket. Abubuwan da ke kai wa ga haka ƙanana ne. Saman lagireto da ƙasansa na roba ne, bayan shekaru sukan bushe su tsage, kuma za ka ga baƙin ya fara komawa ruwan ƙasa kafin ya fashe. Murfin lagireto ma ma'aikaci ne: yana riƙe matsi na kusan bar 1, wanda ke hana ruwa tafasa sai ya wuce digiri 100 da nisa. In sifirin ɗinsa ya saki, ruwa zai riƙa tafasa yana gudu ba tare da ka ga yoyo ba. Sai famfon ruwa da ke ɗiga ta ɗan raminsa, da tiyo da ya kumbura, da fanka da ta ƙi tashi saboda rile ko sensa.

Da ka buɗe bonet, ka bincika ko an cire tamosta, wato ɗan bawul ɗin da ke tare ruwa har inji ya ɗumama, ko an jona fanka kai tsaye ta riƙa juyawa da an kunna mota. Duk inda na ga haka a motar hannu, na san ta taɓa yin zafi aka rufe alamar ba a warkar da ciwon ba. Tamosta yakan buɗe a wajen digiri 80 zuwa 90, don inji ya yi saurin kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai. In babu shi, inji na yawo da sanyi, ƙwaƙwalwa ta yi ta ƙara fetur, mai ya tsinke, ringi su ci. Lambar P0128 sau da yawa wannan take faɗa. Haka zuba ruwa zalla a lagireto: yana tsatsa, yana cin alminiyam da fuka-fukan famfo, yana tara gishirin da ke toshe ƙananan hanyoyi. Ruwan sanyaya inji na ainihi yana ɗauke da maganin tsatsa, kuma kowane kamfani da irin nasa, ba a gauraya su ko da launinsu ya zo ɗaya.

Gasket ɗin kai in ya fara tafiya yana da alamu: ruwa na raguwa ba a ga inda yake zuba ba, farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya ɗumama, kumfa na tasowa a lagireto, tiyo ya yi tauri kamar dutse jim kaɗan da tayarwa, ko baƙin mai ya koma fari-fari mai kauri. Akwai ruwan gwaji shuɗi da ake ɗorawa a bakin lagireto, in hayaƙin inji na shiga ruwa sai ya koma rawaya. A yi wannan da gwajin matsin silinda kafin a yarda a kwance kai. Kuma don Allah, kada ka buɗe murfin lagireto inji na da zafi. Na ga hannun da wannan ruwa ya saɓule.

Baƙin mai shi ne na biyu. Zare gejin mai ka duba, buɗe murfin zuba mai ka haska tocila. In ka ga baƙin dasƙararren datti manne a ciki, an riƙa wuce lokacin juye. Wannan datti yana toshe rariyar famfon mai da ƙananan hanyoyin da ke sarrafa lokacin buɗe bawul, sai mota ta rasa ƙarfi ko ta riƙa ƙara da safe. Wasu injina an san su da shan mai tun daga ƙira. Injin Toyota mai lita 2.4 da ake kira 2AZ-FE, na Camry ta 2007 zuwa 2009, ya yi suna da haka saboda fistin da ringi, har kamfanin ya tsawaita garanti a kansa. A 2015 Hyundai ta yi kiranyen Sonata kusan 470,000 ta 2011 da 2012 a Amurka, wato ta nemi a mayar mata da su don gyara, saboda ɓurɓushin ƙarfen da ya rage a karanshaf tun daga masana'anta yana iya tare mai ya cinye boris. Ban kawo su don in tsorata ka ba. Ina so ka san sunan injinka ka nemi tarihinsa. Ka cika mai daidai layi, ka rubuta kilomita, ka riƙa dubawa duk bayan kilomita 1,000. Inji mai ɗan shan mai zai iya shekaru yana aiki in ana cikawa. Wanda aka bari ya ƙafe, tafiya ɗaya ce. Kafin a ɗora wa ringi laifi, a duba ɗan bawul ɗin numfashin inji da ake kira PCV, domin in ya toshe yana jawo shan mai da yoyo. Shuɗin hayaƙi mai ne, baƙi kuma fetur ne ya yi yawa.

Kada a ruɗe ka da cewa tsohon inji sai mai mai kauri. In littafin motar ya ce 5W-30 ko 0W-20, to an ƙera ramukan injin ne don wannan. Mai kauri irin 20W-50 yana jinkirin isa sama da safe, a daidai lokacin da inji ya fi cin kansa. Jar fitila mai hoton butar mai kuma ba tana cewa mai ya ragu ba ne, tana cewa matsi ya faɗi. In ta kama kana tafiya, kashe inji nan take.

Ka tambaya ko injinka sarƙa yake amfani da ita ko bel wajen tayimin, wato daidaita buɗewar bawul da motsin fistin. Mafi yawan masu silinda huɗu na baya-bayan nan sarƙa ce, takan daɗe in mai na da tsabta, kuma in ta saki za ka ji kacau-kacau na 'yan daƙiƙu da sanyin safiya. In bel ne, kamar a injin Honda mai silinda shida, ana canza shi a wajen kilomita 100,000 zuwa 160,000 gwargwadon abin da kamfani ya ce, ko bayan shekaru ko da bai kai ba. Ba ya ba da sanarwa kafin ya tsinke, kuma a injina da yawa in ya tsinke fistin na dukan bawul. In babu takardar shaidar an canza, ɗauka ba a canza ba, a haɗa da famfon ruwa da abin ɗaure bel ɗin a aiki ɗaya.

Giya otomatik ita ce mafi tsadar abin da zai iya lalacewa bayan inji, kuma abu biyu ke kashe ta: zafi da man da ba nata ba. Man giya ba ɗaya ba ne. Toyota na da T-IV da WS, Honda na da DW-1, giyar Nissan mara matakai da ake kira CVT na shan NS-2 ko NS-3. Zuba man giya na gama-gari a CVT hanya ce ta kashe ta, domin bel ɗin ƙarfe ne ke riƙe da faifai biyu, kuma riƙon ya dogara da irin man. Wannan giya ta Altima ta jawo ƙorafi sosai, har Nissan ta ninka garantinta zuwa shekara 10 ko mil 120,000 a motocin 2003 zuwa 2010 a Amurka. Giyar DSG ta Passat, mai kulocin da ke cikin mai, tana son juye duk kilomita 60,000. Man giya mai lafiya garau yake, ba ya wari. In ya yi baƙi yana ƙauri, faifan ciki sun fara ƙonewa. In ya yi kauri ya koma ruwan hoda, bututun sanyaya shi da ke cikin lagireto ya fashe ruwa ya shiga, a tsayar da motar. Ga giyar da ba a san tarihinta ba, ni na fi son a tsiyaye abin da ya fito a cika, a yi 'yar tafiya a maimaita, maimakon a tura sabon mai da ƙarfin inji ya tayar da dattin da ya kwanta. In mota ta maƙale a giya ɗaya ta ƙi sauyawa, kada ka yarda a sauke ta tukuna. Sau da yawa ƙwaƙwalwa ce ta kulle ta don kariya, saboda sensar gudu ko solonoyid ko soket da ruwa ya shiga, ko ma raunin wutar da muka fara da shi.

Ƙafafu ba su da wuyar ganewa, kunne ya isa. Ƙas-ƙas-ƙas in ka karya kwana kana ba da wuta, shaf ne, kuma kusan kullum robarsa ce ta fara yagewa giris ya zube. Gunji mai ƙaruwa da gudu, boris ɗin taya. Ƙwanƙwasa a ƙananan ramuka, 'yan sandunan sitabilaiza ko bushi. Taya mai cin gefe ɗaya, a duba tayarod da boljoyin kafin a yi alaimen, in ba haka ba aikin banza ne. Sitiyari na rawa in ka taka birki, faifan birki. Man birki yana shan damshin iska: mai lamba DOT 4 in sabo ne sai ya kai digiri 230 yake tafasa, wanda ya sha ruwa kuwa zai iya tafasa a 155, birki ya tafi ƙasa a gangara. A canza shi duk shekara 2 ko 3. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Tayar da ta haura shekara 6 a riƙa sa mata ido ko da zanenta bai cinye ba. Fitilar ABS kuwa, ta tsarin da ke hana taya kullewa in an taka birki, yawanci sensar taya ce ko wayarta.

Ƙananan kayan lantarki, su gilashin ƙofa da makullin tsakiya, in sun fara wasa a ƙofar direba, a buɗe robar da ke tsakanin ƙofa da jikin mota. Wayoyin ciki na karyewa saboda buɗewa da rufewa. Esi da ba ya sanyi, in gas ya ragu to akwai inda ya bi, a nemo yoyon kafin a ƙara.

Abu biyu ne ba na sassauci a kansu. Na ɗaya jakar iska. Da ka murɗa makulli kafin inji ya tashi, duk fitilun dashbod su kama, sannan su mutu. Wadda ba ta kama ba sam, ana iya cire ƙwanta ne ko an rufe ta don a ɓoye laifi. Haka kuma motoci miliyoyi na kamfanoni daban-daban sun fito da jakar iskar kamfanin Takata, wadda sinadarin cikinta ke lalacewa da zafi da damshi, har ta fashe ta watsa ƙarfe a fuskar direba. An rasa rayuka, kuma kiranyen da aka yi saboda ita shi ne mafi girma a tarihin motoci. Ɗauki lambar shasin motarka mai harufa da lambobi 17, tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, ka bincika a shafin kamfanin ko tana cikin kiranyen da ba a gyara ba. Na biyu motar da ruwa ya taɓa cinyewa. Ɗaga kafet ka shinshina, duba ramin safaya da ƙarƙashin kujeru, jawo bel ɗin kujera har ƙarshe ka ga ko akwai tabon laka, zare soket biyu ko uku ka ga ko sun yi kore. Irin wannan mota ciwon lantarkinta ba ya ƙarewa, yau nan gobe can.

Game da motarka kuwa, ga yadda zan bi da ita in ta shigo hannuna. Zan auna batir da altaneta da wayar at tukuna, domin nauyin tashin safe ya fi kama da can. Sannan a jona na'ura a rubuta duk lambobin kafin a goge ko ɗaya, tare da bayanan da ƙwaƙwalwa ta adana na lokacin da laifin ya faru. Sai gwajin D da N, da musanyar koyil in lambar misin ta fito. Bayan haka a juye baƙin mai da filta, a duba man giya da na birki da ruwan lagireto, a matsa lagireton da famfon gwaji a ga ko yana riƙewa. Duk kayan da aka ce a canza, ka tambayi awon da ya nuna ya lalace, kuma a ba ka tsohon a hannu. In ka samu lambobin da awon batir ɗin uku, na safe da na lokacin murɗawa da na bayan tashi, turo mini su tare da shekarar motar da sunan injinta, sai mu duba tare.